Malami, Ɗalibi da Wayar Hannu: Ina Iyakar Horo?

Garin Lolo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Binin, kusa da Kogin Kwara. In mutum ya ƙetara sai ga shi a Madekali, in ya ƙara gaba ya isa Malanbil mai babbar kasuwa. Tun yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 aka ratsa wannan yanki da iyaka, dangi suka rabu gida biyu, waɗansu na kashe naira, waɗansu na kashe sefa. A wuri irin wannan wayar hannu, wadda ta yaɗu a ƙasar nan tun daga 2001, ta zama kayan sana'a: da ita manomin shinkafa ke jin farashi, da ita ɗan kasuwa ke jin yadda canji ya kwana, da ita uwa ke gaisawa da 'yarta da ke aure a ƙetare. Abin da ya zauna a gida haka kuwa ba ya rasa hanyar zuwa makaranta. A garuruwan karkara yawancin fasahar zamani ta aljihun ɗalibi take shiga aji, tun kafin hukuma ta kawo kwamfuta ko guda.

To, ga malami a gaban allo da alli a hannu, ga yaro a bencin baya ya sunkuyar da kai, hannunsa a ƙarƙashin tebur. Haka abin yake a sakandare, haka kuma a Islamiyyar yamma, inda yaro kan ce Alƙur'ani yake dubawa a cikin wayar, wani lokaci da gaskiyarsa, wani lokaci kuwa wasan ƙwallo ne ko hira. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: me Shari'a da hankali suka ba malamin nan ikon yi, a ina kuma ikonsa ya ƙare?

Ba shakka malami yana da ikon hanawa. Uba ya damƙa masa yaro amana, hadisi kuma ya kwatanta duk mai riƙe da jama'a da makiyayi wanda za a tambaye shi abin kiwonsa. Mazhabar Malikiyya ta shahara da ƙa'idar toshe ƙafar ɓarna, watau a hana abin da asalinsa halal ne idan galibi yana kaiwa ga abin ƙi. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Shaihu Zarnuji, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya nemi mai neman ilmi ya rage abubuwan da ke raba masa hankali gwargwadon iyawa. Ƙasashen da suka fi wadatar na'urori su ma sun dawo kan wannan ra'ayi. Faransa ta kafa dokar hana wayar hannu a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018, hukumar UNESCO ta yi kira a rahotonta na 2023 da a taƙaita amfani da ita a aji sai inda take taimakon karatu, Holan kuma ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare a farkon 2024. Saboda haka malamin da ya ce kada ya ga waya a ajinsa bai zo da baƙon abu ba.

Gardama tana tashi ne bayan an kama wayar. Sau da yawa akan ga hotunan makarantu a wurare dabam-dabam inda aka tara wayoyin ɗalibai a filin taro, aka sa guduma aka farfasa, ko aka tsoma su cikin bokitin ruwa, yara na kallo, waɗansu manya na yabawa. Wannan aiki yana bukatar a auna shi da ma'aunin fiƙihu, domin dukiyar Musulmi tana da alfarma kamar yadda jininsa da mutuncinsa suke da ita, kuma an hana tozarta dukiya ko da ta mutum ce ta kansa, balle ta wani. Sa'an nan wayar da ke hannun yaro ɗan shekara 14 a gari kamar Lolo, ta wa ce? Sau da yawa ta uwarsa ce ta ba shi ya kai caji, ko ta wansa ce mai fatauci, cike da lambobin abokan ciniki da lissafin bashi. In aka fasa ta, yaro ne ya yi laifi amma wanda bai taka makarantar ba shi aka ci tara. Ƙa'idar malamai ita ce wanda ya lalata kayan wani ya biya. Ko hukunta mai laifi ta hanyar dukiyarsa, wanda malamai suka yi saɓani a kansa kuma da yawansu suka hana, masu halatta shi ma ga shugaba da alƙali suka mayar da al'amarin.

Magabata sun riga sun yi wa horon malami ƙa'ida tun kafin a san wata na'ura. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai, inda ya taƙaita bulalar karatu ga uku, ya ce ƙari a kan haka sai da iznin uba, ya kuma hana malami duka cikin fushi, domin dukan fushi huce haushin malami ne, amfanin yaro ba ya ciki. Alƙabisi, wanda ya zo bayansa, ya hana taɓa fuska da kai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fasa waya a gaban taro ya san cewa da wuya a raba aikin da fushi, da son nuna iko.

Amma fa malamai suna da hujjarsu, kuma ba ta raini ba ce. Sukan ce in ka karɓa ka mayar, gobe ma za ta dawo. In ka kira uba, ba zai zo ba, yana gona ko yana kasuwa. Amma ranar da aka fasa guda ɗaya, makaranta takan yi tsit har ƙarshen zango, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutumin da ke fama da aji cike maƙil, ga albashin da ba ya kai wata, ba za a zarge shi da son gajeriyar hanya ba. Sai dai Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali a cikin Muƙaddimarsa a kan cewa tsananta wa masu koyo yana cutar da su, yana koya musu ƙarya da yaudara da nuna abin da ba shi ne a zuci ba, don tsoron hannun da ke kansu. Mutanen bakin iyaka ba sa bukatar a yi musu dogon bayanin wannan. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, kaya ba su daina shigowa ba, sun dai koma ɓarauniyar hanya sun ƙara tsada. Haka yaro yake. Zai koyi ɓoye waya a cikin safa, ko ya bar ta wurin mai shago a ƙofar makaranta, ko ya riƙe biyu, matacciya ta miƙa wa malam da mai rai ta aljihu. Tsit ɗin da aka samu gaskiya ne, amma a ƙarƙashinsa an yaye gwanin fasa-ƙwauri, wanda kuma ya koyi cewa mai ƙarfi yana iya lalata kayan na ƙasa da shi ba a ce masa komai ba.

Buɗe wayar ya fi fasa ta wuyar hukunci, ko da yake mutane sun fi ɗaukarsa da sauƙi. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana yawan zato da binciken asirin mutane, ba ta kuma ware yara ba. Wayar yau akwatin sirrin gida ce: akwai hotunan matan gida ba lulluɓi, akwai saƙon rigimar aure, akwai maganar bashi. Malamin da ya karɓi wayar ɗaliba budurwa ya zauna yana bin hotunanta ɗaya bayan ɗaya ya shiga hurumin da ba a ba shi ba, ko da niyyarsa gyara ce, wanda kuwa ya karanta saƙonta a gaban aji don a yi dariya ya haɗa bincike da tonon asiri, ya yiwu ya ɓata mata suna a garin da kowa ya san kowa. Duk da haka ƙofar ba a rufe take ruf ba. Imam Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya yarda mai hisba ya bincika idan amintaccen mutum ya kawo labarin wata ɓarna da ake shirin yi wadda in ta auku ba ta gyaruwa. Idan aka kawo wa hedimasta tabbataccen labari cewa wani yaro yana yaɗa hoton wata yarinya don ya tozarta ta, ko yana riƙe da amsoshin jarrabawar gobe, to akwai haƙƙin wani da za a kare. A nan ma sai a kira uba ko waliyyi, a duba abin da ake nema kaɗai, a ofis, ba a gaban yara ba. Tsakanin wannan da a ce kowa ya buɗe wayarsa a gani don kawai malam yana zato akwai rata mai nisa.

Da a ce korar wayar daga makaranta ta gama magana, da abin ya zo da sauƙi. To amma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya, hukumar WAEC ma ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa na kashin kansu a 2024. Gwamnatin tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport a 2022. Yaron Lolo da na Illo da na Ka'oje za su zauna jarrabawa ɗaya da yaron Legas wanda ya tashi da na'ura a hannu, kuma ga da yawansu wayar nan da ake farauta ita ce kwamfutar da suka taɓa riƙewa. Makarantar da ta hana ba ta koyar ba, ta tsare yaro daga wata cuta ta jefa shi cikin wata. Lalle ne wata rana malam da bakinsa ya ce a fito da wayoyi a nemo abu kaza.

A wannan rana ce za a gane abin da ya sauya. A makarantar allo malam yana zaune a kan buzunsa amma yana riƙe da kowa, domin allo babba ne, rubutunsa a fili, karatu kuma da ƙarfi ake yi. Almajiri ya yi shiru ko ya karkace, kunnen malam ya kama shi ko da yana magana da baƙo. Fuskar waya kuwa mai ita kaɗai take kallo, ba ta da sauti, kuma da ɗan yatsa ɗaya ake sauya ta kafin malam ya iso. Idon malami ba zai ƙara isa inda yake isa a da ba. Abin da ya rage shi ne abin da malaman tarbiyya ke kira muraƙaba, watau yaro ya saba da jin cewa Allah yana ganinsa a inda ba mai ganinsa. Wannan ba ya shiga da guduma. Yana shiga ne a hankali, ta hanyar ba yaro amana kaɗan a gani, in ya riƙe a ƙara masa, in ya ci a janye, a kuma gaya masa dalili.

Tun daga ƙarshen 2022, da manhajoji irin su ChatGPT suka bazu, ɗalibi yana iya kawo aikin gida tsaf wanda bai san abin da ke ciki ba. Wannan algus ne, kuma kansa ya fara cuta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda Bagudo ke cikin masarautar da ya kafa, ya rubuta Ida'un Nusukhi don ya ambaci malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu da littattafan da ya karanta gabansu. Mai miƙa amsar na'ura ba shi da wanda zai ambata, ba shi da abin da ya ɗauka. Maganin wannan tsoho ne a ƙasar Hausa: a rufe littafi, yaro ya tashi ya biya da bakinsa, a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya ce shi ya rubuta.

Akwai kuma wayar malam kansa. Ɗan Sahnun bai yarda malami ya shagala da wani abu ya bar yara a lokacin karatunsu ba, tun da lokacin an riga an biya shi ladansa. Malamin da ke katse darasi ya fita amsa kira, ko ya zauna yana latsa waya yara na kwafar allo, ba zai sami kunnen da zai saurare shi ba ranar da ya tashi wa'azi a kan tasu.

Hanyar da ta fi kuɓutar da kowa ita ce a yi sharaɗi tun farkon zango, a taron iyaye da malamai, a rubuta: wayar da aka kama za ta kwana nawa, wa zai zo karɓa, a wane hali ake buɗe ta. Wannan yana da tasiri a hukunci. Wayar da aka karɓa bisa yardar uba ajiya ce a hannun makaranta. In ta ɓace ba da sakaci ba, ba a bin malami komai. In kuwa ya bar ta a kan tebur ɗaki a buɗe, ko ya ɗauka ya yi kira da ita, ko ya ba ɗansa ya riƙe, to ya fita daga hukuncin mai ajiya, biya ya hau kansa, a kan kuɗin da wayar take yi a kasuwa ranar da ta salwanta.