Wa Ke Zaɓen Launi?

Kowa ya shiga kasuwa sayen yadi, cewa ya kan yi ransa ne ya zaɓi launin. Anya kuwa?

A zamanin Rumawa, daga wata irin katantanwa ta teku a ke samun rinin shunayya. Sai an tara dubbai kafin a rina riga guda, don haka sai sarakuna da manyan attajirai ke sa ta. Talaka ko yana so, ba hali.

A 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, ɗan shekara 18, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓi, sai ya dace da rinin shunayya daga kwalta. Da Sarauniya Biktoriya ta sa launin a bikin 'yarta a 1858, matan Landan suka yi ta rububinsa. Ba a daɗe ba yayinsa ya wuce, aka koma ga wani.

Ashe ido ke so, amma aljihu da zamani ke yanke hukunci. Saboda haka mai hankali ba ya raina mutum don launin rigarsa, ba ya kuwa cin bashi don bin yayi. Yayi raɓa ne, hantsi na yi sai ta bushe.