Mota Ce Mai Gudu, Ko Mai Tuƙinta?

In mota ta kife tsakanin Isa da Sabon Birni, sai mu ji ana cewa, "Taya ce ta fashe," ko kuwa, "Kwana ne ya ƙare." Ba mu musun ƙaddara. Amma ku 'yan makaranta da kuka san lissafi, ku riƙe wannan: in direba ya ninka gudunsa, nisan da motar za ta ci bayan ya taka birki yakan ninku har sau 4. To, wa ya sa shi ninka gudun? Mu dai muna zargin hali.

A 1949 waɗansu likitoci biyu, Tillmann da Hobbs, suka bincika direbobin tasi a ƙasar Kanada. Suka tarar yawancin masu yawan haɗari, tun suna yara ba su jin magana, kuma da girmansu ba a raba su da rigimar bashi da zuwa gaban alƙali. Watau yadda mutum ke zama da jama'a, haka yake tuƙi. Wanda ba ya jure a riga shi magana a zaure, yaya zai jure wata mota ta wuce shi a hanyar Shinkafi ran kasuwa? Mu Gobirawa muna alfahari da jaruntaka tun zamanin Bawa Jan Gwarzo, amma barde in ya yi sukuwa, wuyansa kaɗai ya sayar. Direba kuwa da wuyan tsohuwa da na jinjiri yake caca.

Sai dai kada mu yi wa kowa kuɗin goro. A watan Disamba na hunturun 2021 ba ma sai an tuna mana ba: 'yan fashin daji suka tare mota kusa da Gidan Bawa, suka cinna mata wuta, matafiya fiye da 20 suka halaka. Direban da ya ga irin wannan, in ya taka mota a dajin nan, tsoro ne ya kore shi, kuma da wuya mu ɗora masa laifi. Abin da za mu duba shi ne, in ya fita daji ya shigo gari, inda yara ke tsallaka hanya da allo a hannu, yakan sassauta? Mai tsoro yakan sassauta. Mai girman kai kuwa a nan ne ma yake ƙara wuta, don a nan ne masu kallo suke.

Mu fasinja ma ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka ce wa mai natsuwa, "Haba direba, jaki kake kora?"