Ko Zuwa Wurin Likita Saboda Damuwa Rashin Bangaskiya Ne?

'Yan'uwa, idan wani ya ce damuwa ta hana shi barci, mukan ce masa, "Yi haƙuri, ka ƙara addu'a." Shawara ce mai kyau, amma wani lokaci rufe masa baki muke yi da ita. Sai ya koma gida da nauyinsa, yana jin kunyar neman likita, kada a ce bangaskiyarsa ta raunana.

A ganina wannan kunya ba ta da tushe. Wanda ya karye ya tafi wurin maɗori, wa ya taɓa cewa ya daina dogara ga Allah?

Me ake yi a wurin likitan? A shekarun 1960 wani likita a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa masu matsanancin baƙin ciki sukan yi ta yanke wa kansu hukunci, suna cewa ba su da amfani, ba tare da sun bincika ba. Ya koya musu su rubuta irin wannan tunani, su tambayi kansu: ina shaida? Abin ya yi kama da binciken zuciya da muke yi kafin furta zunubi, sai dai a nan ƙaryar da mutum ke yi wa kansa ake tonowa.

Aikin kuma ba na likita kaɗai ba ne. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowanne da ɗan'uwan da zai zauna tare da shi.