Ƙa'ida da Al'ada: Shin Doka Tana Wadatar da Kanta?

Malaman usulul fiƙihu, wato fannin da ke bincikar tushen da ake ciro hukunci daga gare shi, sun daɗe suna muhawara a kan matsayin al'ada, kuma tambayar tasu ta sake ɓullowa a inda ba a zata ba, wajen sarrafa takardu da kwamfuta. XML tsari ne da ƙungiyar W3C ta fitar a 1998, inda ake yi wa kowane yanki na takarda alamar da ke nuna ko suna ne, ko kwanan wata, ko adadi. A 1999 kuma ta biyo da XSLT, harshen da ake rubuta ƙa'idojin juya irin wannan takarda daga wani fasali zuwa wani. Da yake waɗanda suka tsara harshen sun san ba za su iya hango kowace buƙata ba, sai suka bar ƙofar abin da za a iya kira aikin ƙari, wato ɗan shirin da mutum zai rubuta da wani harshe, kamar Java, ya kira shi a inda ƙa'ida ta gaza.

A ƙaddara an shigar da takardun cinikin gona da na rabon gado na Rano da Kibiya cikin wannan tsari, ana so a mayar da kwanakinsu na Hijira zuwa na Miladiyya. Lissafi zai iya kusantar amsar, amma ba zai tabbatar da ita ba, domin watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, kuma a Nijeriya ganin jinjirin wata da sanarwar Sarkin Musulmi ne suke yanke ranar da ya kama, ba kalanda ba. Saboda haka 1 ga Shawwal ta Rano tana iya saɓa wa ta Makka da kwana guda, kuma kwana guda ba wasa ba ne idan ana ƙirga idda ko wa'adin bashi. Haka nan idan takarda ta ce an ranta tiya goma ta dawa, babu ƙa'idar da ta san girman tiyar sai wanda ya san kasuwar da aka yi awon. Dole ne a shigo da wannan sani daga waje.

Wannan ita ce matsalar da Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya yi wa bayani a littafinsa Alfuruƙ, inda ya nuna cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma bai dace mufti ya ɗora wa baƙo al'adar garinsa ba tare da ya tambayi tasa ba. Aikin ƙari ma haka yake: abin da aka rubuta don Saxon, ɗaya daga cikin manhajojin da ke aiki da XSLT, ba lalle ne ya yi aiki a wata ba, shi ya sa tsarin ya wajabta a ba shi suna mai nuna asalinsa, ya kuma tanadi hanyar bincikar ko yana nan kafin a kira shi. Ko da yake fitowa ta biyu ta XSLT a 2007 ta ba da damar rubuta sababbin ayyuka a cikin harshen kansa, hakan ya rage buƙatar fita waje ne kawai, bai sa harshen ya san daren da aka ga wata ba.

Masu ganin ƙari a matsayin gurɓata ƙa'ida sun yi kuskure, tunda ƙa'idar ce da kanta ta buɗe masa ƙofa. Haɗarin yana ga ƙarin da aka ɓoye, domin manhajar da ta juya kwanakin Kibiya da kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ba tare da ta bayyana hakan ba ta yanke wa mutane hukunci da al'adar da ba tasu ba.