Makari ba bulala ba ne

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san makari: sammu na da nasa, dafin maciji na da nasa. Wanda maciji ya sara, ba mai tambayar halinsa kafin a ɗaure masa ƙafa. Gardama tana tashi ne idan aka kawo wanda ya sha guba da hannunsa, ya kwankwaɗi ƙwaya har numfashinsa ya fara ɗaukewa. Nan za ka ji ana cewa: «Shi ya jawo wa kansa.»

Ƙwayoyin dangin morfin, irin su heroyin da fentanil, suna kashewa ne ta hanyar danne wurin da ke sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwa. Makarinsu shi ne nalokson, wanda aka haɗa a 1961, Amurka ta yarda da shi a 1971. Yana ture gubar daga mazauninta, cikin minti 2 zuwa 3 mutum ya dawo shaƙar iska. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi hannun iyali da abokai, waɗanda abin ke faruwa gabansu. A 2023 Amurka, inda irin waɗannan ƙwayoyi suka kashe mutum fiye da dubu 80 a 2022, ta halatta sayar da na fesawa a hanci ba da takardar likita ba.

Masu suka na cewa hakan ƙarfafa wa mashayi gwiwa ne. A ganina hujjar ba ta da nauyi: mai rai ne ke tuba, gawa ba ta jin wa'azi. Abin da ya fi damuna yana cikin ɗakin gaggawa ne, wajen yawan abin da za a zuba. Idan jikin mutum ya saba da ƙwaya, aka ɗura masa makari mai yawa lokaci guda, zai farka cikin azaba: amai, gumi, ciwon gaɓoɓi, fushi. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya, in akwai abin hura iska kusa, su riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har numfashi ya daidaita, ko da bai wartsake sarai ba. Wanda ya cika allura «don ya ɗanɗana kuɗarsa» ya zama alƙali, alhali ba a naɗa shi ba. Hukuncin nasa ma yana iya kisa, domin ƙarfin nalokson kan ƙare tsakanin minti 30 da 90, gubar kuwa ta kan fi shi daɗewa. Majinyacin da ya fusata ya fice zai iya sake suma a hanya, inda ba mai ganinsa.

Wani lokacin ma jinƙai shi ne a janye hannu. Flumazenil, makarin ƙwayoyin barci irin su diyazefam, yana iya tayar da farfaɗiya ga wanda ya daɗe yana sha. Saboda haka likitoci da yawa sun fi son su tallafa wa numfashi, su jira.

Mu nan abin da ya addabi ƴaƴanmu shi ne tramadol, wanda ake kira tramol a tasha da kasuwa. Nalokson na iya dawo da numfashin wanda ya sha shi fiye da kima, amma ba ya hana farfaɗiyar da tramol ke haddasawa. Dole wani ya zauna gefen gadon yaron, ya kwantar da shi ta gefe, yana ƙirga numfashinsa har gari ya waye.