Aikin Sha'awa: Riba Ce Ko Ɓarna?

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai waɗansu mutane masu wata al'ada mai ban mamaki. In sun taso daga wurin aiki, maimakon su kishingiɗa su huta, sai su shige wani ɗan ɗaki a bayan gida, su ɗauki zarto da guduma, su yi ta fama da katako, suna ƙera lasifika mai ƙaho. Galibinsu ba kafintoci ba ne. Wani akawu ne, wani malamin makaranta, wani likita. Ba wanda ya sa su, ba wanda zai biya su, ga shi kuwa lasifika tana nan jibge a kantuna. Mutum ya shafe wata shida yana aikin guda ɗaya, in ya gama ya ajiye ta a ɗakinsa yana sauraron waƙa. To, wannan aiki riba ce ko ɓarna? Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da suke ƙerawa tukuna.

A cikin lasifika akwai wani tantani da ke manne da naɗin waya kusa da maganaɗisu. In wutar lantarki ta bi ta wayar, sai tantanin ya yi ta rawa, yana tura iska, iskar ta kai sauti kunne. Amma iska ba ta da nauyi, tantanin yana tura ta tana zamewa gefe, kamar mai tuƙa kwalekwale da tsinke. Saboda haka lasifikar akwati da aka saba gani, cikin kashi 100 na ƙarfin wutar da ta sha, abin da ke zama sauti bai cika wuce kashi 1 ba. Sauran duk zafi yake zama, ya tafi a banza.

Ƙaho shi ne maganin wannan asara. Bututu ne mai ƙunƙuntar maƙogwaro, yana buɗewa sannu sannu har ya kai baki mai faɗi, irin yadda bakin kakaki da na algaita suke, ko lasifikar da ake ɗaurawa a kan masallaci. Iskar da ke maƙogwaron ba ta da wurin gudu, tilas ta tsaya tantanin ya ture ta sosai, sa'an nan bututun ya miƙa turin ga iskar waje a hankali. Watau tsinken nan ya zama filafili. Ƙaho ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, asara kawai yake ragewa. Mai kyau yakan mai da kashi 10, ko 20, ko fiye da haka su zama sauti.

Dabarar tsohuwa ce. Garmaho na farko ba ya amfani da lantarki, ƙaho kaɗai ke ɗaga muryar faifai. A 1919 wani masani Ba'amurke, Arthur Webster, ya bayyana lissafin yadda sauti ke tafiya cikin ƙaho. Da majigi mai magana ya bazu daga 1927, manyan ƙahoni aka girke a bayan allo, domin na'urorin ƙara sauti na zamanin ba su da ƙarfin cika babban zaure. Daga baya na'urori masu ƙarfi suka yi arha, kamfanoni suka koma ga ƙananan akwatuna don gidaje, aka bar ƙaho galibi ga filayen taro da masu sha'awa.

Wahalar aikin kuwa daga halittar sauti take. Sauti yana tafiyar mita 343 cikin daƙiƙa ɗaya. Murya mai kauri, wadda ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsawon kaɗawarta guda ya kai mita 8 da rabi. In ana so ƙaho ya fitar da ita sosai, sai kewayen bakinsa ya yi kusan haka, watau faɗin bakin ya doshi mita 3, tsawon bututun kuwa mita 4 ko fi. Har ila yau buɗewar tana da ƙa'ida: a irin ƙahon da aka fi sani, girman ramin yakan ninka biyu a kowane rabin mita ko kusa da haka. Wane ɗaki zai ɗauki wannan? Don haka sai a naɗe bututun cikin akwati kamar hanjin rago. Wani injiniya, Paul Klipsch, ya yi dabarar ajiye nasa a kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe suka zama cikon bakin ƙahon. Ya fara ne don sha'awa, a 1946 ya kafa kamfani cikin wata rumfar kwano a garin Hope, a jihar Arkansas ta Amurka, har yau kuwa ana ƙera irin wannan lasifika tasa. A Japan kuma wani marubuci, Tetsuo Nagaoka, wanda ya rasu a 2000, ya yi ta buga zane-zanen ƙahoni a mujallu, mutane da yawa suka bi suka ƙera a gidajensu.

To, ga abin da masu suka ke cewa, maganarsu kuwa ba ta wasa ba ce. Sun ce kwanakin mutum ƙidayayyu ne, kowace sa'a ta wuce ba ta komowa. Kuɗin katako da gam da kayan aiki sau da yawa sun fi kuɗin lasifikar kanti. Abin in an gama ya cinye rabin ɗaki. Ba ya ciyarwa, ba ya tufatarwa, ba ya warkar da ciwo. A ganinsu, mai hankali aiki biyu gare shi, neman abinci da hutu, abin da ya fita daga biyun nan wauta ce ta mai ƙoshi.

Amma masu wannan suka sun auna abin da ke tsaye a kusurwar ɗaki, sun manta da mutumin da ya ƙera shi. A wurin neman abinci mutum yakan tsira da aikin ha'inci. Tela ya ɓoye mugun ɗinki a cikin kalmasa, akawu ya rufe kurensa da daɗin baki, mai saye bai gani ba, shugaba bai kula ba. Katako da iska ba a yi musu haka. In an kuskure awo, muryar ta fito kamar ta mai magana cikin tulu. In an bar 'yar kafa a mahaɗin katako, iska ta zurare, kaurin muryar ya ragu. In an yi rowar katako, aka sa marar kauri, bangon ƙahon ya kama karkarwa ya ɓata waƙar. Ba wanda za a ba toshiyar baki, ba wanda za a ɗora wa laifi. Tilas mutum ya koma kan lissafinsa, ya nemo kurensa da kansa, ya ɓamɓare, ya sāke.

Wanda ya shekara yana zama gaban irin wannan alƙali yakan tashi da halaye uku. Na ɗaya haƙuri, gama gam ba ya bushewa don an yi masa tsawa. Na biyu gyara abin da ido ba ya gani, domin lungunan cikin akwatin, da an rufe shi ke nan, amma kunne zai tona asirinsu. Na uku yarda da kure ba tare da musu ba. Halayen nan kuwa ba su tsayawa a ɗakin aiki, sukan bi mutum har ofis da kasuwa. Ga kuma wata riba: wanda ya sayi abu ya san kuɗinsa ne kaɗai, wanda ya ƙera shi ya san dalilinsa. In ya lalace ba ya tsayawa yana kallonsa kamar tsafi, ɗan kasuwa kuma ba ya ruɗinsa da ƙyalƙyalin fenti.

Duk da haka, ba za a ce masu suka ba su da gaskiya ko kaɗan ba, gama sha'awa doki ce, in ba linzami takan ka da mahayi. Tana zama ɓarna ta hanya uku. In kuɗin cefane ko na makarantar yara ya koma na katako, an ci haƙƙin iyali. In mai gida ya shige ɗakin aiki har 'ya'yansa ba su ganinsa sai da safe, an ci haƙƙinsu ta wata fuska. Ta uku ita ce ta maƙwabci, ita ce kuwa ta fi kusa da mai ƙaho, domin da wat 1 tak ƙaho mai kyau yakan cika ɗaki da ƙara. Bango ba ya tare murya mai kauri sosai. A bayansa wataƙila akwai majinyaci, ko jariri, ko wanda ya kwana aiki. Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi. Wanda ya koyi auna katako daidai, amma ya kasa auna ƙarar da maƙwabcinsa zai iya ɗauka, bai gama koyon awo ba.

Ashe hukuncin aikin sha'awa ba ya tsayawa a kan kuɗin da ya kawo ko ya ci. Tambaya biyu ake yi masa: me ya bari a cikin mai yinsa, me kuma ya ɗauke wa waɗanda ke zaune da shi? Haka ma'aunin yake ga mai kiwon tattabara, da mai dashen furanni, da mai ɗinkin hula don kansa. In aikin ya ƙara wa mutum haƙuri da gaskiya, tukunyar gidansa ba ta ragu ba, maƙwabcinsa kuma ya yi barci lafiya, to, sa'o'in da ya kashe a kai ba su tafi a banza ba, ko da bai taɓa samun ko anini a ciki ba.