Idan Zama Ya Ƙare Tsakanin Yaro da Ubangida

 

'Yan'uwa, matasanmu masu kallon ƙwallo ba su manta da watan Nuwamba na 2022 ba. Saura 'yan kwanaki a fara gasar Kofin Duniya a Katar, Cristiano Ronaldo ya zauna gaban ɗan jaridar Ingila Piers Morgan, ya amayar da abin da ke cikinsa game da Manchester United, ƙungiyar da ke biyansa albashi a lokacin. Ya ce an ci amanarsa. Ya ce ba ya ganin girman kocinsa Erik ten Hag, tunda shi ma kocin ba ya ganin nasa. Ya ce iyalan Glazer, attajiran Amurka masu ƙungiyar, ba su damu da ita ba, kuma wurin atisaye yana nan kusan yadda ya bar shi tun 2009. Ranar 22 ga watan aka raba gari, daga baya ya tafi Al Nassr ta Saudiyya. Maganar kuwa ba ta mutu ba, don a Satumban 2024, bayan ya zama tsohon ɗan wasan ƙungiyar, ya sake sukar ten Hag a hira da tsohon abokin wasansa Rio Ferdinand.

A gidajen kallon ƙwallo, daga Kano har Damagaram, an sha musu. Wannan ya ce, "Wallahi gaskiya ya faɗa." Wancan ya ce, "Butulu ne kawai, wa ya fito da shi duniya ta san shi?" Ban ɗauko labarin don in yanke wa mutumin hukunci ba, wannan na Mahaliccinsa ne. Na ɗauko shi ne saboda duk wanda ke karanta wannan, ko dai yaron wani ne ko ubangidan wani, kuma zo mu zauna, zo mu saɓa. Ranar rabuwa tana zuwa, kuma a ranar ne ake gane abin da imanin mutum ya koya wa harshensa.

Bari in fara da ɓangaren da mu masu wa'azi muka cika tsallakewa. Addini bai ce duk wanda aka cuta ya haɗiye ya yi shiru ba. A aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i, Allah Ya sanar da mu cewa ba Ya son bayyana mummunar magana, sai Ya keɓe mutum ɗaya: wanda aka zalunta. Bukhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo neman bashin raƙumi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura masa. Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana, sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi cewa yana ƙuntata mata da 'ya'yanta wajen ciyarwa, ba a ce da ita ta yi giba ba, fatawa aka ba ta. Akwai ma wanda ya yi ta kai ƙarar maƙwabcinsa, kamar yadda Abu Dawud ya kawo; aka yi ta ba shi haƙuri, da abin ya ƙi ƙarewa aka ce ya fito da kayansa bakin hanya. Masu wucewa suka riƙa tambaya, suna jin labari suna tsine wa maƙwabcin, har maƙwabcin ya zo da kansa yana roƙon mutumin ya koma gida.

Kuma abin da Ronaldo ya faɗa a kan masu ƙungiyar ba daga iska ya tsinto shi ba. A 2005 Malcolm Glazer ya sayi Manchester United a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin rance ne, aka kuma juya bashin aka ɗora wa ƙungiyar da a da ba ta da irin wannan nauyi. Magoya baya sun shekara da shekaru suna kuka, har a watan Mayun 2021 suka kutsa filin Old Trafford, dole aka ɗage wasa da Liverpool. A ranar da aka sallami Ronaldo, a ranar ce masu ƙungiyar suka sanar cewa za su duba yiwuwar sayar da ita. Saboda haka kai ubangida, kai mai shago, kai mai gareji, kai shugaban ƙungiyar da 'yan wasanta ke bin albashin watanni, kada ka yi saurin cewa "yaron nan butulu ne" don ka toshe bakinsa. Ka fara tambayar kanka ko ka sauke nauyinsa. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Wanda Allah ne mai ƙararsa, wane lauya zai tsaya masa?

To amma kai da aka cuta, tsaya ka saurara, don a nan ne mafi yawanmu ke halaka. Izinin da Allah Ya ba ka, gwargwadon cutar da aka yi maka ne. An hana ka kuɗinka, ka ce an hana ka kuɗinka. Ba a ba ka izinin tona asirin gidan mutum ba, ko aibata halittarsa, ko zagin wanda bai taɓa ka ba, ko ƙara gishiri don labari ya yi armashi. A waccan hira ta 2022 maganar ta fara daga koci da masu ƙungiya, amma ba ta tsaya nan ba. Ta kai ga Ralf Rangnick, kocin riƙon ƙwarya da ya riga ya tafi, wanda Ronaldo ya ce bai ma taɓa jin sunansa ba. Ta kai ga Wayne Rooney, abokin da suka ci Kofin Zakarun Turai tare a 2008, har aka gangaro kan wa ya fi wani kyan gani. Me ya haɗa wannan da neman haƙƙi? Haka fushi yake yi da kowa, mu ma ba mu tsira ba. Mutum zai buɗe baki da ƙorafi ɗaya na gaskiya, kafin ya rufe ya ɗebo zunubi goma. Shi ya sa a hadisin Abdullahi ɗan Amru da Bukhari da Muslim suka ruwaito, aka lissafa ƙetare iyaka lokacin husuma cikin halaye huɗu na munafunci, kafaɗa da kafaɗa da ƙarya da cin amana da yaudara bayan alkawari. Aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida kuma ta hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta ja mu ga rashin adalci. Ka lura, maƙiyi ma ana yi masa adalci, balle mutumin da ka ci abincin gidansa.

Sannan mai ba da labari a bainar jama'a shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, wanda ake tuhuma kuwa ba ya wurin. Ranar 19 ga Oktoban 2022, a wasa da Tottenham, koci ya nemi Ronaldo ya shigo canji ana dab da tashi, ya ƙi, ya fice daga fili tun ba a busa ba. Shi a ganinsa wulaƙanci ne a sa mai irin darajarsa wasan 'yan mintuna, koci kuwa a ganinsa ɗan wasa ya bijire wa umarni a gaban 'yan'uwansa. Wanne ne gaskiya? Kowanne yana riƙe da wani yanki nata. Lokacin da Annabi ya aika Sayyidina Aliyu alƙalanci Yaman, ya umarce shi kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta bakin na farko. Mu kuwa yanzu bidiyon minti biyu ya ishe mu yanke wa dattijo hukuncin azzalumi.

Akwai wani abu da ke taɓa zuciyata a labarin nan. A watan Afrilun 2022 Ronaldo ya rasa jaririnsa namiji, ɗaya daga cikin tagwaye, kuma ya ce da ɗayar, mace, ta kwanta rashin lafiya har ya makara komawa atisaye, wasu manyan ƙungiyar ba su gaskata shi ba. Mutum ne mai miki a zuciya. Ubangida nagari yakan san ranar da yaronsa ke ɗauke da abin da ya fi aiki nauyi, ya sassauta masa. Shi kuma mai mikin ya sani cewa ranar da baƙin ciki ya haɗu da fushi, ita ce ranar da bai kamata ya tsaya gaban kyamara ba. An hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, ina ga wanda ke yanke hukunci a shari'ar kansa? Magana zarar bunu ce, musamman a wannan zamani da waya ke adana ta har jikoki su gani.

Kuma cutar ƙarshe ba ta goge alherin farko. A 2003 Alex Ferguson, kocin Manchester United a lokacin, ya ɗauko Ronaldo daga Sporting ta Fotugal yana ɗan shekara 18, ya ba shi riga mai lamba 7, a nan ya zama gwarzon duniya karo na farko a 2008. Adalci ne a faɗa cewa bai manta da Ferguson ba, har yau yana ambatonsa kamar uba. Mu da muke da Alƙur'ani ai mu muka fi cancanta da wannan hali. Aya ta 237 cikin Baƙara, a tsakiyar hukuncin saki, inda zukata suka fi ɗaci, ta ja kunnenmu kada mu manta da kyautatawar da ke tsakaninmu. Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya mutu yana mushriki, amma shi ya ba Annabi mafaka lokacin da ya dawo daga Ɗa'ifa. Bayan yaƙin Badar Annabi ya ce da yana raye ya nemi a saki fursunoni, da ya sakar masa su. Yanzu dubi namu. Yaro ya shekara bakwai a shagon alhaji a kasuwa, ya koyi ciniki, ya san dillalai, ya san masu kawo kaya, an samu saɓani wajen sallama, washegari ya hau TikTok yana zayyana bashin da ake bin alhaji da rigimar matansa. Ɗalibi ya bar malaminsa ya koma wani zaure, karatunsa na farko shi ne kurakuran tsohon malami. Ɗan siyasa ya sauya sheƙa, ya bi gidajen rediyo da sirrin da aka faɗa masa cikin dare saboda an amince da shi. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, haka Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ma'anarsa.

Ɗan'uwa, in ka ga an danne ka, hanya a buɗe take. Imam Nawawi, inda ya kawo wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta a Riyadus Salihin, ya fara da kai kuka ga wanda ke da ikon ƙwato maka haƙƙi. Ka same shi ku biyu tukuna. In ya ƙi, ga shugabannin kasuwa, ga ƙungiyar sana'arku, ga liman da mai unguwa, ga kotu. Wanda aka ce ya fito da kayansa bakin hanya, sai da ya yi ta haƙuri kafin a kai nan, kuma da aka tambaye shi, cutar da ake yi masa kawai ya faɗa. Kafin ka danna waya ka tambayi zuciyarka tsakaninka da Allah: haƙƙina nake nema, ko so nake in ga ya kunyata? In na biyun ne, ka ajiye wayar ka yi alwala.

Mu masu turawa gaba ma muna da kaso. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, Suratul Hujurat kuma ta umarce mu da bincike kafin mu cutar da mutane cikin jahilci.

Wanda ya riga ya yi, ƙofar tuba ba ta rufe ba, sai dai haƙƙin bawa istigfari kaɗai ba ya wanke shi. Bukhari ya ruwaito umarnin cewa duk wanda ya taɓa mutuncin ɗan'uwansa ya nemi ya yafe masa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi ladansa a biya. Ka goge abin da ka wallafa. Ka taka har gidansa, in kana jin nauyi ka tafi da dattijo. A wurin da ka aibata shi, ka koma can ka faɗi alherin da ka sani nasa, ka janye abin da ka ƙara. Kai kuma alhaji, in ka san akwai ragowar kuɗin yaron nan a hannunka, ka kira shi ka ƙirga masa cikin makon nan, ko da ya riga ya zage ka a waya, domin zagin da ya yi bai sauke maka bashin ba.